Babi na Shida: Ɗan Daura ko Ɗan Faranshi?

Ranar Lahadi kasuwar Mai'adua take ci. Tun da sassafe ake koro shanu da raƙuma da tumaki daga arewa, wasu ta Kwangwalam inda shingen kwastan yake, wasu ta burtali da hanyoyin gona waɗanda ba jami'in da ya san iyakar yawansu. A kara dillali yana ciniki da naira, ya waiga ya yi wa mai dabba lissafi da sefa, harshensa bai sauya ba. In ka tsaya ka ce a ware maka 'yan Nijar daga 'yan Najeriya a wannan taro, dariya za a yi maka. Wanda ya kawo bijimin daga Matamaye wataƙila ƙanin matar mai sayen ne. Tsofaffi ma ba su cika cewa Nijar ba, Faranshi suke cewa, kamar dai Bafaranshen da ya tafi tun 1960 yana nan zaune a Damagaram.

A wannan ƙasa aka haifi Muhammadu Buhari, cikin garin Daura, ranar da takardunsa suka ce 17 ga Disamba 1942. Mahaifinsa Harɗo Adamu Bafulatani ne mai tushe a Dumurkul ta ƙasar Mai'adua, mahaifiyarsa Zulaihatu. Uban ya rasu yana ƙaramin yaro, ya tashi a hannun Waziri Alhasan, ɗan Sarkin Daura Musa. Ya yi elemantare a Daura da Mai'adua, ya shiga Midil ta Katsina a 1953, ya wuce sakandaren lardi a 1956, ya gama a 1961, daga nan sai aikin soja. Ba wani abu a ɓoye cikin wannan tarihi. Abokan wasansa na ƙasa sun rayu sun tsufa a unguwannin da suka tashi, ana gaishe su a bakin masallaci. Duk da haka, tun daga lokacin da ya fara neman shugabancin ƙasa a 2003 har ya sauka a 2023, akwai miliyoyin 'yan Najeriya da ba ka isa ka raba su da cewa mutumin nan ɗan Nijar ne ba. Daga baya ma aka ƙara gaba, aka ce wanda yake zaune a fadar Abuja ba shi ba ne sam.

Ruwa ba ya tsami banza. Jita-jitar da ta daɗe tana yawo, in ka tona, za ka tarar da ƙwayar gaskiya a gindinta, kuma wannan ƙwayar ce take riƙe ta. Gaskiyar a nan ita ce Buhari yana da dangi a Nijar, bai kuwa taɓa ɓoyewa ba. A hirar da ya yi da gidan talabijin na Arise a watan Yuni 2021 ya faɗa da bakinsa cewa yana da 'yan'uwa na jini a can, ya kuma ɗora laifin rabuwar a kan Baturen da ya sa rula ya ja layi a 1885. A shekarar ya ɗan kauce. Taron Balin na 1884 zuwa 1885 bai shata wannan iyaka ba. Ingila da Faransa ne suka yi ta ja-in-ja a kanta cikin yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, domin Faransawa suna neman hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram da tafkin Cadi. Tsakanin 1906 da 1908 wata tawaga ƙarƙashin Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila ta bi ƙasa tana kafa turaku. Mutanen karkara suka sa wa turakun nan suna tangaraho. Wani ya kwana gonarsa tana hannun Sarkin Ingila, rijiyar da matarsa ke ɗibar ruwa tana hannun Faransa.

Ita Daura tun kafin zuwan Turawa ta san rabuwa. Bayan jihadi, Malam Isiyaku ya karɓi tuta ya zauna a birni, Sarki Abdu na gidan Haɓe ya fita da jama'arsa, zuriyarsa suka kafa sarauta a Zango da Baure, suna jingine da Damagaram tsawon ƙarni na 19. Da Turawan Ingila suka zo suka dawo da Malam Musa daga Zango suka naɗa shi a Daura. Wato gidan da yake sarautar Daura a yau, gidan da ya reni Buhari, ya yi shekaru da dama fuskarsa tana kallon arewa, yana aure da fatauci da yaƙi tare da garuruwan da yanzu tutar Nijar ke kaɗawa a kansu. Wani Ba'amurke mai bincike, William Miles, ya zauna a Yardaje ta ƙasar Daura da Yekuwa ta ɓangaren Magarya, ƙauyuka biyu da ƙafa ke kai mutum daga ɗaya zuwa ɗaya, ya rubuta littafi guda a 1994 kan yadda layin nan ya raba jama'a ɗaya gida biyu. Saboda haka in ka ce wa mutumin Zango ko Baure ko Sandamu wane yana da dangi a Faranshi, ba ka ba shi labari ba. Wanda ba shi da su shi ne abin tambaya.

Amma maganar da take ba komai ba ce a Kwangwalam, in ta yi tafiyar kilomita dubu ta isa Legas ko Fatakwal, sai ta koma tuhuma. Mai sauraro a can yana da nasa dalilai na zargi, kuma ba adalci ba ne a ce duk ƙiyayya ce. Ya ga gwamnonin Damagaram da Maraɗi sanye da kayan jam'iyyar APC a gangamin Buhari a Kano cikin Janairun 2019. Ya ji an ba wa kamfanin Mota-Engil kwangilar kusan dala biliyan 2 don shimfiɗa layin dogo na kilomita 284 daga Kano, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, har cikin Maraɗi, alhali titin garinsu ramuka ne. Ya karanta a 2022 cewa gwamnatin tarayya ta saya wa Nijar motoci na sama da naira biliyan 1, ministar kuɗi ta tabbatar. Ga tsohon ƙorafin nan da ake maimaitawa duk kakar zaɓe, cewa a 1985, lokacin yana shugaban mulkin soja, Buhari ya bar Peter Onu ɗan Najeriya ya goyi bayan Ide Ummaru na Nijar a takarar sakataren Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. Kowanne cikin waɗannan abu ne da ɗan ƙasa yake da haƙƙin ya yi tambaya a kansa: nawa aka kashe, wa ya amince, me Najeriya za ta samu. Sai dai tambayar kuɗi tana da wahala, sai an nemo takardu an yi lissafi. Cewa "ai ɗan can ne" ba ta buƙatar komai, kuma tana amsa duk tambayoyin a lokaci guda.

Abin da masu wannan magana ba sa son a tuna musu shi ne ra'ayin 'yan Nijar ɗin kansu. A Afrilun 1984 Janar Buhari ya rufe iyakokin ƙasa, ana cikin fari, ya sauya kuɗi, a shekara ta gaba aka kori dubban ɗaruruwan baƙi. Hatsin da aka saba shigarwa daga kasuwannin Najeriya ya yanke. Hausawa suna sa wa yunwa suna, kuma a gabashin Nijar yunwar wannan lokaci da sunansa ake kiranta, El-Buhari. Da ya dawo a farar hula ya sake rufe iyakar daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, don hana shigo da shinkafa. Je ka tambayi 'yan kasuwar Mai'adua da Jibiya da direbobin Kwangwalam abin da suka gani a watannin nan goma sha shida. In ɗan Nijar ne, to lallai ba a yi sa'ar ɗa ba.

A doka ma zancen ba shi da ƙafa. Sashe na 131 na tsarin mulkin 1999 ya ce mai neman shugabancin ƙasa sai ya zama ɗan ƙasa ta haihuwa, ya kai shekarun da aka ƙayyade, jam'iyya ta tsayar da shi, kuma ya yi karatu zuwa matakin sakandare ko makamancinsa. Sashe na 25 ya fayyace ɗan ƙasa ta haihuwa: wanda aka haifa a Najeriya kafin ranar 'yanci, in ɗaya daga iyayensa ko ɗaya daga kakanninsa ɗan wata al'umma ce ta asalin Najeriya, ya shiga. Kaka ɗaya ta wadatar. Waɗanda suka tsara wannan sashe sun san ƙasar da suke rubuta wa doka. Sun san Yarabawan Ketu suna Benin, Barebari suna Cadi da Nijar da Kamaru, Efik da Ejagam suna tsallaken Kuros Riba a Kamaru. Da an ce sai wanda kakanninsa huɗu suka fito daga cikin turakun Turawa, da rabin mutanen bakin iyaka sun zama marasa ƙasa.

Inda matsalar take ita ce takarda. Wa ya rubuta haihuwar ɗan makiyayi a Daura a 1942? Ungozoma ce ta yanke cibiya, ranar bakwai liman ya raɗa suna, aka yanka rago, wanzami ya yi aski, shi ke nan rajista. Dokar da ta wajabta rajistar haihuwa a faɗin Najeriya sai a 1979 aka fara kafa ta, kuma har gobe akwai ƙauyukan da ba ta isa ba. Yawancin mutanen zamaninsa ranar haihuwarsu malamin elemantare ne ya ƙiyasta, ya sa yaro ya ɗora hannu bisa kai ya kamo kunne. Buhari da kansa ya taɓa yin raha a Disamban 2017 cewa shi a zatonsa shekararsa 74, sai aka ce masa 75 ne. A Daura an yi dariya domin kowa yana da kawu irin wannan. A Facebook kuwa aka ce ga shi nan, mutumin da bai san shekarunsa ba ta yaya za a yarda da garinsu.

A ƙasar Hausa mutane ne hujjar asali. In baƙo ya zo neman aure ba a tambayarsa takarda, cewa ake yi ɗan wa ne, jikan wa ne, wace unguwa, wa ya san ubansa. Ko takardar shaidar ɗan ƙaramar hukuma, wadda ba a shiga makaranta ko aikin gwamnati sai da ita, daga nan take farawa: mai unguwa ya shaida, dagaci ya sa hannu, hakimi ya buga hatimi. Wannan tsari yana aiki ne in mai tambaya da mai amsa sun yarda da shaidu ɗaya. Mutumin Aba bai san Waziri Alhasan ba, bai san Sarkin Daura Muhammadu Bashar ba, kuma naɗin Bayajidda na Biyu da Sarki Umar Faruk Umar ya yi wa Buhari ba ya gaya masa komai. Shi takarda yake so. In an kawo takardar kuma sai ya ce wa ya buga ta.

Haka aka yi da takardar sakandare. Ana saura makonni a yi zaɓen 2015, jam'iyyar PDP ta taso da cewa Buhari bai gama sakandare ba. Shi ya yi rantsuwa a kotu cewa takardunsa suna hannun hukumar soja. Rundunar soja ta fito a Janairu ta ce ba ta da na asali a fayil ɗinsa. Tsohuwar makarantarsa, wadda yanzu ake kira Kwalejin Gwamnati ta Katsina, ta fitar da sakamakon jarrabawar 1961, ga darussan da ya ci, ga lissafi da ya faɗi. Ni a ganina faɗuwar lissafin nan ta fi komai kama da gaskiya, don mai ƙirƙirar takarda ba ya ba kansa faɗuwa. Amma sai aka koma kan suna: me ya sa aka rubuta Mohamed, ba Muhammadu ba? Duk wanda ya yi makaranta a Arewa ya san Mamman ɗaya yana iya fita da rubutun suna uku, gwargwadon malamin da ya riƙe alƙalami. A Nuwamban 2018 magatakardar WAEC ya kai masa takardar tabbaci har fadar shugaban ƙasa, aka ɗauki hoto. Aka ce hoton ma shiri ne. Kotun sauraron ƙarar zaɓe ta yanke hukunci ranar 11 ga Satumba 2019 cewa ya cancanta, Kotun Ƙoli ta tabbatar ranar 30 ga Oktoba. Waɗanda suka yarda tun farko suka ce alhamdu lillahi, waɗanda ba su yarda ba suka ce an sayi alƙalai. Ban san mutum ɗaya da hukuncin ya sauya wa ra'ayi ba. Amurkawa sun sha irin wannan da Barack Obama: an haife shi a Honolulu a 1961, aka ce a Kenya ne, ya fitar da cikakkiyar takardar haihuwa a Afrilun 2011, Donald Trump bai janye ba sai a Satumban 2016, kuma janyewar ba ta hana mabiyansa ci gaba ba.

Sai zancen Jibrin na Sudan, wanda ya fi duka ban dariya, ya kuma fi duka nuna laifin gwamnati. A 2017 Buhari ya tafi jinya Landan sau biyu, daga Janairu zuwa Maris, sannan daga farkon Mayu zuwa 19 ga Agusta, sama da kwana 100 a tafiya ta biyu kaɗai. Ba a taɓa gaya wa 'yan ƙasa abin da ke damunsa ba. Masu magana da yawunsa kullum cewa suke yana samun sauƙi, yana shan shayi, yana raha. Mutane kuwa ba su manta da wani Bakatsinen ba. Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tafi Saudiyya a Nuwamban 2009, aka yi ta cewa yana murmurewa, aka dawo da shi cikin dare a Fabrairun 2010 ba wanda ya gan shi, ya rasu ranar 5 ga Mayu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Cikin wannan duhu Nnamdi Kanu, jagoran ƙungiyar 'yan awaren Biyafara ta IPOB, ya jefa labarinsa: wai Buhari ya mutu a Landan, 'yan fada sun ɗauko wani Basudane mai suna Jibrin, an yi masa tiyatar fuska, an koya masa tafiya da magana. Aka shiga gwada hotuna, ana auna kunne, ana ƙirga tsawo. Aka juya wani hoto aka ce ga shi yana rubutu da hagu. Abin ya kai ranar 2 ga Disamba 2018, a birnin Krakow na Folan, wani ɗan Najeriya mazaunin can ya tambaye shi gaba da gaba, shugaban ƙasa mai mutum kusan miliyan 200 ya tsaya yana rantsuwa cewa shi ne shi. Masu barkwancin talabijin a Amurka suka samu abin yi na mako guda.

A Daura labarin bai samu masauki ba, dalili kuwa a fili yake. Mutumin yana zuwa Sallah, yana taka ƙafa daga filin idi, yana zuwa duba shanunsa, tsofaffin abokan ajinsa suna shiga su zauna da shi. Basudanen da zai iya Hausar Daura, ya san laƙabin da ake tsokanar kowane tsoho da shi tun suna Midil, ai ya cancanci a bar masa kujerar. Amma ka lura da yadda aka gina ƙaryar. Ba a ce an sauya shi da wani Bakano ko Bazazzagi ba, sai da aka nemo masa wata ƙasa. Tsohon zargin ne aka sake wa riga: wanda yake mulkinku baƙo ne.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai mu ce an zalunci ɗan Daura, mu shafa fatiha. Sai dai abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. A ƙarar zaɓen 2019 ɗin nan dai, lauyoyin APC, jam'iyyar Buhari, suka rubuta wa kotu cewa Atiku Abubakar ba ɗan Najeriya ba ne ta haihuwa. Hujjarsu: an haife shi a Jada a Nuwamban 1946, lokacin Jada tana cikin Arewacin Kamaru da Ingila ke riƙo, kuma yankin bai shigo Najeriya ba sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961. Kanu ne ma ya riga su faɗa. Wannan Atikun ya yi mataimakin shugaban ƙasa shekara takwas, ya kuma tsaya zaɓen fid da gwani na APC ɗin kanta a Legas a Disamban 2014, ba wanda ya tambaye shi takardar Kamaru a lokacin. Kotu ta yi watsi da batun. Amma na ji mutanen da jiya suke kumfar baki don an ce Buhari ɗan Nijar ne, yau suna tafa hannu suna cewa a mayar da Atiku Garwa ta Kamaru. Ba su tsaya sun yi tunanin cewa da hujjar ta ci, da mutanen Mubi da Ganye da Gwoza da Gembu sun tashi ba mai iya neman shugabanci a cikin dattawansu ba.

Ba a kansu aka fara ba. A Janairun 1980 gwamnatin Shehu Shagari ta sa aka ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar dokokin Borno kuma ɗan jam'iyyar GNPP, aka tsallaka da shi Cadi aka ajiye, wai ubansa ɗan can ne. Kotu a Maiduguri ta ce ɗan Najeriya ne, a dawo da shi. A tsallaken iyaka ma haka: gabanin zaɓen Nijar na 2020, 'yan adawa suka kai ƙara cewa Bazoum Mohamed, Balaraben da ya tashi a Tesker, ba ɗan asalin ƙasa ba ne, sai da kotun tsarin mulki ta wanke shi. Zambiya ta gyara tsarin mulki a 1996 don ta hana Kenneth Kaunda, wanda ya mulke ta shekara 27, sake tsayawa, saboda iyayensa daga Malawi suka zo. A Kwaddibuwa an hana Alasan Watara takara da cewa ɗan Burkina ne, kuma a can abin bai tsaya a kotu ba, sai da ƙasar ta rabu biyu a 2002 aka zubar da jini. A duk waɗannan ba a taɓa gano baƙuncin mutum yana ƙaramin ma'aikaci ba. Sai ranar da ya zama barazana a akwatin zaɓe ake tuna inda kakarsa ta yanke cibiya.

Wani abin da yake ba ni murmushi shi ne garin da aka zaɓa a yi wa wannan gori. Duk ɗan firamare a Arewa ya san labarin da Daura take ba da shi game da kanta: baƙo ne, Bayajidda, ya zo daga gabas cikin dare, ya nemi ruwa aka ce ba a ɗiba sai Juma'a, ya je rijiyar Kusugu ya kashe macijiya, sarauniya ta aure shi, jikokinsa suka kafa Hausa Bakwai. Masana tarihi suna da ja a kan labarin, wannan kuma zancen wani babi ne. Amma gari ne da ya zaɓi ya ce sarautarsa daga baƙo ta samo tushe, yana kuma nuna wa masu ziyara rijiyar da takobin baƙon da alfahari.

Gab da saukarsa a 2023, Buhari ya yi ta maimaita wata raha, cewa in aka dame shi a Daura zai tsallaka Nijar, can za a kare shi. Jaridun Legas suka buga da manyan baƙaƙe, masu tsohon zargi suka ce to ga shi ya faɗa da bakinsa. Bai tsallaka ba. Ya zauna a Daura, daga baya ya koma gidansa na Kaduna, ya rasu a wani asibiti a Landan ranar 13 ga Yuli 2025. Ranar 15 ga wata aka sauke gawarsa a Katsina, aka bi hanya da ita zuwa Daura, aka yi masa salla, aka binne shi a cikin gidansa. Cikin waɗanda suka zo jana'iza har da firaministan Nijar Ali Lamine Zeine da tsohon shugaba Mahamadu Isufu, a lokacin da gwamnatocin Abuja da Yamai ba sa ga maciji. Ban da su akwai waɗanda ba a rubuta sunansu ba, da suka shigo ta Kwangwalam da Babban Mutum a kan babura da bayan akori-kura, suka yi ta'aziyya, suka kwana gidajen 'yan'uwa. A Facebook kuwa, kafin a gama addu'ar uku, wasu sun riga sun rubuta cewa Jibrin ne aka binne, ainihin mutumin tun 2017 yake kwance a Saudiyya.